Kafin Ka Sayi Keken Tsere Na Hannu

Kada sheƙin fenti ya ruɗe ka, fara da girman firam. Keken da ya yi maka girma ko ƙanƙanta ciwon baya da gwiwa zai jawo maka, ko da kyauta ka same shi. Tsaya da shi tsakanin ƙafafunka, a samu 'yar tazara tsakaninka da sandar sama. Mai tsayin santimita 175 yakan dace da firam 54 ko 56.

Duba wuraren walda sosai, musamman wajen wuya. In ka ga tsaga, haƙura da shi, komai arharsa. Sarƙa, taya da birki kuwa ana sauyawa, sai ka cire kuɗinsu wajen ciniki. A ɓangaren giya da birki, kayan Shimano 105 sun fi na Shimano Claris daraja, karanta sunan da idonka. Hau ka zagaya kafin ka biya.