Darasin Mako: Ƙararrawar Turken Sadarwa

Idan sabis ya ɗauke a Moriki, mukan ɗaga waya sama muna lalube. Ko kun san injiniyoyi kan riga mu sanin matsalar?

Turakun sadarwa, irin waɗanda muke gani a hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, suna aika rahoto ga wata manhaja a cibiyar sa ido ta kamfani. Injiniya ne ke saita mata abin da za ta yi ƙara a kansa: janareta ya tsaya, batir ya yi ƙasa, zafi ya yi yawa, ko an buɗe ƙofa.

Ƙararrawar hawa-hawa ce. Galibi ja na nufin a tashi yanzu, rawaya kuwa gargaɗi ne.

Wahalar tana wajen zaɓen iyaka. In manhaja na ƙara kan kowane ƙaramin abu, masu aiki za su saba, su daina kulawa. In an jinkirta ta, sai batir ya mutu kafin a kawo man janareta.

Mun ɗanɗana rashin sabis a Satumban 2021, lokacin da aka katse sadarwa a Zamfara saboda tsaro. Mai neman taimako da dare ya san darajar turke.

Tambayar mako: wace ƙararrawa za ku sa wa ja, kuma don me?