Yadda Ake Zama Malamin Jami'a Mai Binciken Hoton Ƙwaƙwalwa

Hoton ƙwaƙwalwa fanni ne na ilimi da ake duba abin da ke cikin ƙoƙon kan mutum mai rai ba tare da an tsaga shi ba. Fannin ya kafu ne tun daga shekarar 1971, lokacin da aka fara ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar majinyaciya a Landan da na'urar CT ta Godfrey Hounsfield, wadda ke harba hasken eksire ta kusurwoyi da yawa, sannan kwamfuta ta haɗa hoton falle-falle. Daga baya aka samu na'urar MRI, wadda ke aiki da ƙarfin maganaɗisu da igiyoyin rediyo, kuma a kanta ne Paul Lauterbur da Peter Mansfield suka karɓi lambar Nobel a 2003. Garuruwan kudancin Jigawa irin su Sara da Gwaram da Birnin Kudu suna da buƙatar masana wannan fanni, domin shanyewar ɓarin jiki da farfaɗiya da sanƙarau da raunin kai daga haɗurran hanya duk larurori ne da ake fama da su a yankin.

Matakin farko yana farawa ne daga sakandare, inda ɗalibi ko ɗaliba za su zaɓi ajin kimiyya, su dage a kan lissafi da fizis da kimiyyar sinadarai da ilimin halittu da Turanci, har su samu kiredit a jarrabawar WAEC ko NECO, kana su zauna ta JAMB. Lissafi da fizis su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa duk wanda bai iya su ba zai sha wuya wajen fahimtar yadda na'ura ke mayar da sigina ta zama hoto.

Mataki na biyu shi ne digirin farko, wanda ke da ƙofofi uku. Ƙofa ta farko ita ce karatun likitanci na shekara 6, wanda ake bin sa da shekarar sanin makamar aiki da bautar ƙasa, sannan horon ƙwarewa a fannin karanta hoton asibiti ko cututtukan jijiya, a ƙarƙashin Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa ko takwarorinta na Afirka ta Yamma. Ta biyu ita ce karatun ɗaukar hoton asibiti na shekara 5, wanda ake yi a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, kuma mai wannan digiri shi ne ke sarrafa na'urar da hannunsa. Ta uku ita ce digirin fizis ko kwamfuta ko ilimin sassan jikin ɗan Adam, irin waɗanda ake samu a jami'o'i da dama, kuma ga ɗan kudancin Jigawa mafi kusa ita ce Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011.

Mataki na uku, wanda shi ne ƙashin bayan lamarin, shi ne zaɓen tambayar da za a bincika a digiri na biyu da na uku, tare da samun malamin da zai duba aikin. Tambaya mai kyau tana fitowa ne daga larurar da ke gaban mutane, kuma aikin da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kan yara masu amosanin jini, wato sikila, ya isa misali. An daɗe da sanin cewa wasu daga cikin waɗannan yara suna gamuwa da shanyewar ɓarin jiki tun suna ƙanana, kuma ana iya gane wanda ke cikin haɗari da wata ƙaramar na'ura mai aiki da sauti. Ana kwantar da yaro, a shafa masa wani mai a gefen kai gaba da kunne inda ƙashi ya fi siranta, a ɗora kan na'urar, sai gudun jini a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya bayyana a allo, kuma idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya, yaron yana buƙatar kariya. Likitocin Kano da Kaduna, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gwada maganin haidiroksiyuriya a kan yara 220, kuma sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ƙaramin awo na maganin yana kare yara kamar yadda matsakaici ke yi. Haka nan a Blantyre ta ƙasar Malawi, hoton MRI ya nuna a 2015 cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne sanadin mutuwar yawancin yaran da suka rasu bayan zazzaɓin cizon sauro ya taɓa musu kai.

Mataki na huɗu shi ne koyon gudanar da binciken kansa. Ana rubuta tsarin aiki, a miƙa shi ga kwamitin ɗa'a na asibiti, wato waɗanda ke tabbatar da cewa ba za a cutar da kowa ba, sannan a nemi yardar majinyaci ko iyayensa cikin harshen da suke ji. A nan ɗan ƙasa yake da fifiko, domin shi ya san yadda ake gaida dagaci da mai unguwa kafin a shiga gari, ya kuma san yadda zai yi wa uwar da ke danganta farfaɗiyar ɗanta da iskoki bayani ba tare da ya raina mata hankali ba. Kafin a shiga ɗakin MRI ana cire 'yan kunne da sarƙa da makulli da wayar hannu da fil ɗin mayafi, saboda maganaɗisun na iya fizgar ƙarfe, kuma ana toshe kunnuwan wanda za a ɗauka saboda ƙarar na'urar, a roƙe shi ya kwanta shiru na kusan rabin sa'a, tun da motsi kaɗan yana ɓata hoto.

Mataki na biyar shi ne tantance hotunan da kwamfuta. Mai bincike yana koyon ilimin ƙididdiga da rubuta umarnin kwamfuta da Python, yana kuma amfani da manhajoji irin su FSL da FreeSurfer wajen auna girman sassan ƙwaƙwalwa da kwatanta masu lafiya da marasa lafiya. Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai a ƙasar da na'urori suka yi ƙaranci, domin wata ƙidaya da Godwin Ogbole na Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ta samu na'urorin MRI 58 kacal a Nijeriya. Manyan na'urorin suna buƙatar wutar lantarki marar yankewa da ruwan iskar hiliyom mai sanyaya maganaɗisu, amma akwai dubban hotuna da masana suka ajiye kyauta a intanet, waɗanda ɗalibi zai iya koyon aiki da su daga Dutse ko Birnin Kudu da kwamfutar tafi-da-gidanka.

Mataki na shida shi ne wallafa sakamako da hawa matakan jami'a. Ana aika maƙala ga mujallar ilimi, wasu masana da ba a bayyana sunayensu ba su tace ta, a gyara, kana a buga. Da waɗannan maƙalu da koyarwa da duba ayyukan ɗalibai ake tashi daga mataimakin malami zuwa malami na biyu da na ɗaya, zuwa babban malami, har farfesa, kuma galibi akan shafe aƙalla shekara 3 a kowane mataki. Kuɗin bincike da ƙaro karatu kuwa ana neman su daga asusun TETFund da ƙungiyoyi irin su IBRO, waɗanda ke tallafa wa matasan masu nazarin ƙwaƙwalwa a Afirka.

Tafiyar tana iya cin shekara 15 ko fiye bayan sakandare, kuma sai mai haƙuri ke kai ƙarshenta. Amfaninta kuwa yana da yawa, domin mafi yawan ma'aunan da ake kwatanta ƙwaƙwalwa da su an samo su ne daga mutanen Turai da Amurka, saboda haka wajibi ne malamin da ya kai wannan matsayi ya tara ma'aunan al'ummarsa, ya ƙulla alaƙa da asibitocin yankinsa irin su Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ya kuma horar da ɗaliban da za su ci gaba da aikin.