"In Bai Yi Ba, Zo Ka Karɓi Kuɗinka"

Cikin ƙorafe-ƙorafen da suka zo teburin mai wannan rubutu, wanda lauya ne, akwai na wata bazawara mai sayar da ƙanƙara da zoɓo a Kano. Ta ga tallar firiza mai aiki da hasken rana a Facebook, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa in bai yi ba za a mayar da kuɗi. Ta kwashe adashinta ta tura. Firizar ba ta rufa wata biyu ba ta daina sanyi. Da ta je shagon da ya sayar mata, sai yaron shagon ya nuna mata ƙasan rasit: kayan da aka saya ba a dawo da su. "Hajiya, ai kin sa hannu," in ji shi.

Abin takaicin, sai da ta shafe wata huɗu tana bin mai shagon da "don Allah, Alhaji". A tsakani ta kai firizar wurin wani mai gyaran bakin titi, ya farke ta ya sauya waya. Tallar kuma an goge, ba ta ɗauki hotonta ba.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta tallar yaudara, kuma sashe na 132 ya ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da suka gaza, a gyara, ko a sauya, ko a biya shi. Rubutun ƙasan rasit ba ya soke wannan. A Amurka, hukumar FTC ta ce duk mai tallar mayar da kuɗi sai ya mayar da su cif, in kuwa akwai sharaɗi, a faɗe shi cikin tallar. Masu shagunanmu kuwa, sai kuɗi sun shiga asusu sharaɗi ke fitowa.

Saboda haka, a ɗauki hoton talla kafin a biya. A karɓi rasit mai sunan shago. Kada a kai wa kowa gyara, ko ɗan'uwa ne. A lura da sunan asusun da ake tura kuɗi. Kuma, don girman Allah, a ɗauki hoton tallar nan! Kwanakin wata ukun daga ranar da aka karɓi kaya suke fara tafiya, ko da Alhaji yana ta cewa a dawo jibi.