Yadda Ɗalibin Karkara Zai Nemi Gurbi a BUK ko ABU

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, sai iyaye su fara sallama a ƙofar gidana bayan la'asar, wani ma da fartanyarsa a kafaɗa, daga gona ya ratso. Tambayar kusan ɗaya ce: "Malam, yaron nan ya ci 210, zai samu likitanci a BUK?" Nakan ce da wuya. Sai a yi shiru, can a ce ai dama sai mai hanya. Ban ce babu masu hanya ba. Amma a shekarun da na yi ina koyarwa tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, yaran da kuskuren takarda da zaɓen kwas suka kayar sun fi waɗanda rashin uban gida ya kayar yawa.

Fara da sanin yadda ake rabon. Jami'o'in tarayya suna kasa gurabensu uku: kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi maki daga ko'ina a Najeriya, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko. Kano tana yankin BUK, tana kuma cikin wancan lissafi na uku. Ke nan ɗan Kunci ko Tsanyawa yana da ƙofa fiye da ɗaya. Sai dai a kowace ƙofa zai tarar da 'yan birni da 'yan makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa sun riga shi layi, domin su ma 'yan Kano ne.

Tun kana aji biyu na babbar sakandare ka gyara sunanka. Ɗauko takardar haihuwa, da ta NIN, da sunan da makaranta za ta tura wa WAEC ko NECO, ka jera su a tabarma ka duba harafi bayan harafi. A nan muke yawan faɗuwa. Yaro sunansa Abubakar a makaranta, Habu a gida, mai rajistar NIN kuma ya rubuta Garba. Ranar haihuwa kuwa an ƙiyasta ta ne da shekarar da aka yi fari. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN, kuma abin da ke jikinta shi za ta kwasa. Gyara yana cin watanni. A wannan lokacin ne kuma za ka karɓo takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, kada ka bari sai an kira tantancewa.

Sai kiredit biyar, har da Turanci, da kuma Lissafi ga mafi yawan kwasa-kwasai, cikin darussan da suka dace da kwas ɗinka, a zama ɗaya ko biyu. Mai son likitanci ya yi ƙoƙari ya haɗa su a zama ɗaya. Ga wata matsala da ɗan birni bai san ta ba: NECO tana faɗowa a Yuni da Yuli, daidai lokacin shuka da noman fari. Na sha ganin ɗalibi ya shigo ɗakin jarrabawar Kemistiri da taɓon gona a ƙafa, ido ja. Baba, in da hali a ɗauke wa yaron aikin makonnin nan, ko da ɗan ƙodago za a saka. Gero zai sake fitowa baɗi, amma sake zaman jarrabawa shekara ce guda da kuɗi.

Zaɓen kwas shi ne wurin da ya kamata a zauna a yi dogon tunani. Jarrabawar JAMB maki 400 ce, darussa huɗu. A 2025 kimanin mutum miliyan 1.9 suka zauna, fiye da miliyan 1.3 ba su kai 200 ba. To mai 210 ya yi ƙoƙari. Amma likitanci, da aikin jinya, da haɗa magunguna, da lauya, su ne inda kowa ke tururuwa, kuma hukumomin da ke kula da waɗannan sana'o'i suna ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a rediyo izinin shiga layi ne kawai. Makin da ba zai kai ka asibitin Malam Aminu Kano a matsayin ɗalibin likita ba, yana iya ba ka aikin gona, ko ilimin koyarwa, ko Fizis, a BUK ɗin nan dai. Ni kam ban ga abin raini ba ga ɗan manomi ya karanta ilimin ƙasar noma a jami'ar da ke da cibiyar binciken noman yankuna masu ƙarancin ruwa. Jami'ar da kake so da gaske ka sa ta a zaɓi na farko, domin manyan nan ba sa waiwayar wanda ya sa su na biyu. Ka kuma tabbatar da haɗin darussa: likitanci Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fizis, injiniya kuwa Lissafi ne a madadin Bayoloji. Kuskure ɗaya a nan ya rushe komai, ko ka ci 300.

Rajista kan buɗe a farkon shekara, lokacin da rumbu bai yi ƙasa ba, don haka a ware kuɗinta tun kaka, ko a tanadi ɗan akuyar da za a kai kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi. Je cibiyar da JAMB ta amince da ita, da ƙafarka. Yi amfani da layin wayarka, wanda ba za ka yar ba. Wani ɗalibina ya bar mai shagon kwamfuta ya yi masa da nasa layin. Da saƙonni suka fara zuwa, mutumin ya tashi daga garin.

Kafin ranar jarrabawa ka taɓa kwamfuta. Tambayoyi 180 ne a awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane darasi. Ba sai ka iya linzamin kwamfuta ba: A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya. Ka zauna jarrabawar gwaji ta JAMB, ka yi ta bitar tambayoyin shekarun baya da agogo a gabanka. In an tura ka cibiya a cikin Kano, kwana a can wurin 'yan uwa; motar asuba ba abar dogaro ba ce.

Bayan sakamako aiki bai ƙare ba. Ka yi rajistar tantancewar jami'ar, ka koma cibiya a ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafinka na JAMB, don wanda bai ɗora ba ba a ganin sa. In makin bai kai kwas ɗin ba, canza tun da wuri. Daga nan sai duba CAPS, shafin da JAMB ke bayar da gurbi ta kansa tun 2017, ko da sau ɗaya a mako, ko sai ka hau tudu neman sabis. In gurbi ya fito ka danna karɓa nan take, yana da wa'adi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka a bayan CAPS, riƙe kuɗinka.

In bana ba ta yi ba, akwai IJMB, shirin da ABU ke kula da shi, wanda ake yi a kwalejin CAS ta Kano. Mai sakamako mai kyau yana neman shiga aji biyu kai tsaye. Akwai kuma NCE a kwalejin Bichi da difloma a kwalejin aikin gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, inda ɗalibi zai iya zuwa daga gida a kan keke, ya dawo da yamma ya taya a ɗaure dabbobi.