Darasi na Tara: Biyan Kuɗin Hidima ta Intanet

Ma'ana

Biyan kuɗi ta intanet na nufin sauke nauyin kuɗin wuta, ruwa ko jarrabawa ta hanyar waya ko kwamfuta, ba tare da an je banki ba.

Yadda Yake Gudana

A ɗauki misalin malami a Sanyinna da ke son sayen wuta daga Kaduna Electric, kamfanin da ke raba lantarki a jihohin Sakkwato, Kabi, Zamfara da Kaduna:

1. Zai shigar da lambar mita da adadin kuɗi a manhajar bankinsa.
2. Sunan mai mitar zai bayyana domin ya tantance.
3. Zai sa lambar sirri, banki ya cire kuɗin ya tura wa kamfanin.
4. Za a aiko masa da lambobi 20, ya danna su a mita.

Mataki na biyu shi ne mafi muhimmanci, domin lambobin da aka saya wa wata mita ba sa aiki a wata. Haka kuma, a adana rasit, shi ne hujja idan an cire kuɗi lambobi ba su iso ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake tantance suna kafin a biya?
2. Yaya za ka koyar da ɗalibanka kare lambar sirri?