Yawon amarci a farkon kaka: ina za ku nufa da ɗan abin da ya rage?

Duk wanda aka ɗaura wa aure a watan Satumba ko farkon Oktoba ya faɗo a lokaci mai kyau, in dai maganar yawon amarci ake yi. Yara sun koma makaranta, masu hutun Disamba ba su fito ba tukuna, saboda haka masaukai ba su cika ba, mai otal ma yana sauraron ciniki. Zafin bazara ya daɗe da wucewa, hazo bai sauko ba, ƙasa ta yi kore shar. Abu biyu ne ke iya ɓata lissafi: aljihun da lefe da sadaki da walima suka riga suka yashe, da ruwan ƙarshen damina, wanda kan mayar da tafiyar awa uku ta zama ta yini guda.

Shawarata ita ce ku zaɓi wuri na kusa, ku yi kwana uku ko huɗu, ku zuba mafi yawan kuɗin a kan ɗakin da za ku kwana. Sababbin ma'aurata, musamman waɗanda ba su taɓa zama su biyu ba tare da ƙanwar amarya tana leƙowa ba, ba nisan tafiya suke bukata ba. Ɗaki mai tsafta suke so, da wutar da ba ta ɗaukewa da tsakar dare, da ruwan zafi, da ƙofar da babu mai ƙwanƙwasa ta. Angwaye da yawa sukan ƙarar da kuɗinsu a tikitin jirgi, su je su sauke amarya a ɗakin da fanka ke kuka, zanin gado kuma yana warin danshi. Iya kuɗinka iya shagalinka, kuma kada a ci bashi don wannan tafiya, domin watan gaba akwai cefane.

Kada kuma ku tashi washegarin kai amarya. Makon farko na dangi ne: buɗar kai, 'yan ganin ɗaki, gwaggo da inna masu zuwa sa albarka. In kuka sulale a cikinsa, za a daɗe ana yi da ku. Ku bari ƙura ta lafa, sannan ku fita ranar Litinin ku dawo Alhamis ko safiyar Juma'a. Ku kauce wa hutun 1 ga Oktoba, domin a ranakun nan wuraren shaƙatawa cika suke yi, farashi kuma ya hau.

Ga mazauna Kano, Kaduna, Bauchi ko Gombe, Jos ce ta fara zuwa mini a rai. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka da yamma sai an nemi rigar sanyi, ɗaki ma ba lallai sai mai na'urar sanyaya ba, wanda wannan kaɗai ragi ne. A wannan lokaci duwatsun Shere sun lulluɓe da ciyawa, ruwan sama ya fara ja da baya, ko da yake a Satumba yana iya saukowa da la'asar ba sallama. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da fili a gefensa inda aka gina kwaikwayon gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya, kuma kuɗin shiga ba ya cizo. Wuri ne na tafiya a hankali ana hira. Abinci da araha, ga dankalin Turawa sabon haƙa, ga gwaten acca da safe. Sai dai a faɗi gaskiya, Filato tana da yankunan da rikici ke tashi. Ku sauka a cikin gari, ku tambayi wanda ke zaune a can kafin ku nufi magangarar ruwa ta Assop ko duwatsun Riyom, kuma duk inda kuka je ku dawo masauki kafin magariba.

Yankari kuwa sai an yi mata bayani, don kada a je a dawo da ƙorafi. Wanda ya je a Satumba da niyyar ganin giwaye zai iya shan kunya a gaban amarya. Ciyawa ta yi tsawo, ruwa yana ko'ina a dajin, dabbobi ba su da dalilin taruwa a bakin kogin Gaji kamar yadda suke yi da rani. Abin da zai kai ku a wannan lokaci shi ne ruwan ɗumi na Wikki. Ruwan yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka, ɗuminsa kuma yana nan a wajen digiri 31 dare da rana. Ku sauka wurin ruwan bayan sallar asuba a ranar aiki, lokacin da tururi ke tashi a kan ruwan kuma babu kowa sai tsuntsaye. Amarya mai kunyar shiga ruwa a gaban jama'a za ta sake, in ta tanadi doguwar rigar wanka mai rufe jiki. Ku kiyayi gwaggon biri. A sansanin Wikki sun saba da mutane har sun raina su. Leda a hannu gayyata ce, tagar da aka bari a buɗe kuma sai dai ku dawo ku tarar an yi muku walima da dubulan da cincin na gara. Daga Bauchi tafiyar kamar awa biyu ce, a bi hanyar Gombe a karya a Dindima. A kira masaukin tun kafin a taso a tambayi halin wuta da ruwa da hanya, a kuma shiga da rana tsaka.

Akwai zaɓin da mutane ke rainawa saboda ba ya da daɗin faɗa a wajen ƙawaye, wato Abuja. Daga Kaduna jirgin ƙasa ne daga Rigasa zuwa Idu. Otal ɗin da ke Wuse ko Maitama tsada ne, amma gidajen haya na 'yan kwanaki a Gwarimpa ko Jabi sukan zo da kicin, kuma girki sau ɗaya a rana yana rage kashe kuɗi ƙwarai. Da yamma a zaga bakin tafkin Jabi ko lambun Millennium. A ware yini guda a je magangarar ruwa ta Gurara a jihar Neja, ta hanyar Suleja zuwa Minna. A wannan lokaci ne ruwan yake kan ganiyarsa, yana faɗowa daga tsayin kusan mita 30 da rugugin da sai kun ɗaga murya za ku ji juna. Na kallo ne da ɗaukar hoto daga nesa. Kada ango ya ce zai nuna bajinta a kan duwatsun nan masu santsi.

Mambila da Obudu sun fi duk waɗannan kyau a hoto, amma ni ba zan tura amarya can a Satumba ba. Hawan dutsen Mambila zuwa Gembu cikin ruwa da laka ba wasa ba ne, tafiyar kanta tana cin kwana biyu daga cikin huɗun. Ku ajiye su sai Nuwamba ko Disamba.

In kuwa an ce dole sai an buga hatimi a fasfo, Ghana ta fi sauƙi. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma sai da katin allurar rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, kuma allurar ba ta fara aiki a ƙa'ida sai bayan kwana 10, don haka a yi ta tun ana hidimar biki. A Accra akwai unguwannin Nima da Mamobi inda za ku yi ciniki da Hausa, ku ci tuwon zafi ba tare da tambayar wa ya yanka naman ba. Lambun Aburi, wanda aka buɗe a 1890, yana kan tudu kamar awa guda daga birnin, da iska mai sanyi da dogayen bishiyoyi a jere. Gadar igiya ta dajin Kakum tana lilo a sama da ƙasa da kusan mita 40, nan za a san wanda ya fi tsoro tsakanin ango da amarya. Kurkukun bayi na Cape Coast wurin tarihi ne mai nauyi a zuciya, ku san haka kafin ku sa shi a tsarin amarci. Teku kuma a tsaya a bakinsa, igiyar ruwan can tana ja. Amma fa a lissafa da kyau, tikitin mutum biyu zuwa da dawowa kaɗai zai iya biyan kwana huɗu a ɗaki mai kyau a Jos har da canji.

Ko'ina kuka zaɓa, kada ku yarda da hoton intanet. Ku ce a ɗauko muku bidiyon ɗakin ta WhatsApp a ranar, da banɗakinsa, a kunna famfo ku gani. Ku tambaya ƙarfe nawa ake tada janareta, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma ko karin kumallo yana cikin kuɗin. Ku biya na kwana ɗaya tukuna, sauran sai kun gani da ido. In kun ce kwana huɗu za ku yi a tsakiyar mako, ku nemi ragi ba kunya. Ku riƙe takardar shaidar aure ko hotonta a waya, domin wasu masaukai a Arewa suna tambaya. Ƙarshen damina lokacin sauro ne, a sa maganin shafawa a jaka, tare da darduma da lema. Ku ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ku mance da shi, na taya ce in ta fashe ko kwanan da ruwa ya tilasta muku ƙarawa. Mutum ɗaya a kowane gida ya san inda kuke, sauran su ji labari in kun dawo.

Kai kuma ango, kafin ka tura wa kowa ko sisi, ka zauna da ita ka faɗa mata adadin abin da ke hannunka, ka ba ta wuri biyu ta zaɓa. Wata ruwa take so, wata sanyi, wata kuwa bayan mako biyu na gyaran jiki da kamu da yinin biki, barci kawai take nema a wurin da babu baƙi. In ta ce maka duk wanda ka zaɓa ya yi, kunya ce, ka bari sai bayan isha'i ka sake tambaya.