Zagon Gobero: Me Kayan Farauta Ke Iya Faɗa Game da Harshe?

A shekarar 2000, ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago yana neman ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare a hamadar Tenere, cikin jihar Agadas, sai ya ci karo da wata makabarta a wurin da ake kira Gobero. An gano kaburbura wajen 200 a gefen wani tafki da ya daɗe da ƙafewa. Mutanen farko da suka zauna a nan, waɗanda masana ke kira ƴan Kifiyan, sun rayu tsakanin 7700 da 6200 kafin miladiyya. Ba su noma, ba su kiwo. Su da farauta ne abincinsu.

Babban makaminsu shi ne zago na ƙashi. Ana feƙe ƙashin dabba ya yi tsini, a fitar masa da kunnuwa irin na kibiya, don in ya shiga nama ya ƙi fita. A irin wannan makami, kan yakan rabu da ƙotarsa bayan suka, igiya ta riƙe shi, kifi ya yi ta ja har ya gaji. Ƙasusuwan giwan ruwa da tarwaɗa da kada da dorina da aka tono sun nuna zurfin ruwan da girman abin da ake nema a cikinsa. Akwai kuma ƙugiyoyin ƙashi da ƴan siraran duwatsu masu kaifi da ake ɗanawa a jikin itace. Bayan fari na kusan shekaru dubu, wasu mutanen dabam suka zo, ƴan Teneriyan, da kawunan kibau na koren dutse.

Inda batun ya shafi ɗalibin harshe shi ne hasashen John Sutton na 1974. Ya lura cewa zago na ƙashi da tukwane masu zanen igiyar ruwa sun bazu daga Kogin Nilu zuwa tsakiyar Sahara, sai ya danganta su da bazuwar dangin harsunan Nilo-Sahara, wanda Greenberg ya sanya Barbarci da Tubanci da Zabarmanci a ciki. Hasashen yana da daɗin ji, amma ƙafarsa ba ta da ƙarfi, domin makami yana tsallake iyakar harshe cikin sauƙi, ta ciniki ko aure ko kwaikwayo.

Hausa kanta shaida ce. Kalmar bindiga aro ce daga Larabci, ta shigo tare da abin da take nufi. Amma aikatau harba bai jira bindiga ba: da shi ake sakin kibiya daga baka, da shi kunama ke harbi, da shi jaki ke harbi da ƙafa. Daga saiwarsa aka gina maharbi, da ɗafa-goshin ma- mai nuna mai aiki. Makamin ya sauya, aikatau ya tsaya. Wanda zai tono wani kufai na Damagaram nan da shekaru dubu ya tarar da bakin bindiga, kuskure zai yi in ya ce mazauna wurin Larabci suke yi.

Saboda haka mai kwatanta harsuna yakan fi dogara da aikatau da sunayen sassa, irin su tsirkiya da kyauro da dafi, bisa ga sunan makamin dungum. Waɗannan kuwa su ne sassan da rairayin Gobero bai adana ba, don jijiya da kara da tsimi duk ruɓewa suke yi.